Kura da Shan Bugu: Duke Slater da Ladan da Ya Makara

Idan kaka ta yi a ƙasar Matamaye da Kance, an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbu ya cika hankali ya kwanta, a nan ne samari kan fita dandali su gwada ƙwanji. Kokowa ba ta barin gardama ta kwana. Mutum biyu ne a cikin fili, jama'a sun yi da'ira, wanda ya sha ƙasa kowa ya gani, wanda ya yi kaye kuma tun ƙura ba ta lafa ba makiɗi ya kama sunansa. Da gwamnatin Seini Kunce ta mayar da abin gasar ƙasa a shekarar 1975, aka yi karon farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ba a ce masa ya jira ba. A fili ya yi aikin, a fili aka biya shi. Filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Damagaram yake ɗauke da sunan Langa-Langa.

Akwai wani irin mai ƙarfi da bai sami wannan gata ba. A ƙasar Amurka suna da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. A cikinsa akwai mutanen da aikinsu kokowa ce zalla, tun daga busar farko har ta ƙarshe, amma ba a ɗaga hannunsu, ba a rubuta musu ci, sau da yawa ma mai kallo ba ya sanin suna nan sai ranar da suka yi kuskure. Ɗaya daga cikin na farkonsu, kuma ɗaya daga cikin mafi gwaninta, shi ne Frederick Wayman Slater, wanda duniya ta sani da Duke Slater. Ya bar fili a 1931. Babbar lambar girma ta sana'arsa ba ta iske shi ba sai a 2020, yana da shekara 54 a kabari.

Kafin a shiga labarinsa, dole a ɗan bayyana wasan, don wanda bai san aikin ba ba zai san nauyin mai yin sa ba. Fili ne mai tsawon yadi 100, kowane ɓangare mutum 11. Ƙwallon ba zagayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai mai tsini biyu, kuma a hannu ake riƙe shi. Ɓangaren da ke da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci gaba da yadi goma. In ya yi, a sake ba shi huɗu, in ya kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan gaba. Wanda ya kutsa da shi har ƙarshen fili ya sami maki shida. Kowane yunƙuri yana farawa ne da sahu biyu suna fuskantar juna, an duƙa, hannu a ƙasa, tsakaninsu bai wuce tsawon ƙwallon ba. Mutum bakwai ne a sahun masu kai hari. Biyu na gefe suna iya rugawa su cafe ƙwallo idan an jefo musu. Biyar na tsakiya kuwa doka ta hana su wannan. Nasu shi ne su ture wanda ke gabansu, su buɗa ƙofa a cikin katangar mutane don mai gudu ya wuce, ko su zama katanga su kare mai jifa. Su ne ƴan sahu. Idan ƙofa ta buɗu mai gudu ya ci, sunan mai gudu jarida za ta buga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki shi ne, mutumin farko da aka tabbatar a rubuce cewa an biya shi kuɗi don ya yi wannan wasa ɗan sahu ne. William Heffelfinger, tsohon ɗalibin jami'ar Yale, ya karɓi dala 500 daga wata ƙungiya ta Allegheny a ranar 12 ga Nuwamba 1892 don wasa ɗaya. Masu ƙungiyoyi, da yake aljihunsu ne ke magana, sun riga ƴan jarida gane inda ake cin wasa da inda ake faɗuwa. Wasa ne kuma mai kisa a wancan zamani. A 1905 jaridu sun ƙirga mutum 18 da suka mutu a sanadinsa, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa ya matsa musu su gyara dokoki. A gyaran 1906 ne aka halatta jefa ƙwallo gaba, don a rage cunkoson da ke karya wuyan yara. Cunkoson ya ragu ga kowa, ban da ƴan sahu.

An haifi Slater ranar 9 ga Disamba 1898 a garin Normal na jihar Illinois. Mahaifinsa, George Slater, limamin coci ne a wata ɗariƙar Kirista ta baƙaƙen Amurka. Yaron ya tashi a kudancin Shikago, inda ya fara wasan a kan titi da fegi. Laƙabin Duke ba sarauta ba ce: sunan karen gidansu ne, yara suka liƙa masa, ya bi shi har kujerar alƙalanci. A 1911 aka mayar da mahaifin wani coci a Clinton, wani gari a bakin kogin Misisipi a jihar Iowa, inda baƙar fata ba su da yawa. Uban bai so wasan ba ko kaɗan, yana ganin sa harkar ƴan tasha da karaya. Ana ba da labari cewa yaron ya ƙaurace wa abinci har sai da uban ya sassauta.

A makarantar sakandare ta Clinton kowane ɗan wasa shi ke sayen takalmi da hular kare kai. Gidan limamin ba su da halin sayen biyun, sai aka ce ya zaɓa. Ya zaɓi takalmi, don ba a tura ƙato da ƙafa tana santsi. Ƙafar tasa kuma da girma, sai da aka aika Shikago aka yo masa. Haka ya yi wasan sakandare duka da kai a buɗe, ya kuma yi mafi yawan na jami'a a haka. Kada mai karatu ya ɗauka hular zamanin kwalkwali ce irin ta yau. Fata ce mai laushi da ke rufe kunne, kuma ba a wajabta ta a jami'o'i ba sai 1939, a wasan ƙwararru kuwa sai 1943. Duk da haka, mutum ɗaya baƙi, kai a buɗe, a tsakiyar farare ashirin da ɗaya, ba ya ɓuya ga mai kallo, ba ya kuma ɓuya ga mai mugun nufi.

Ya shiga Jami'ar Iowa a 1918. Yaƙin duniya na farko ya sa an dakatar da dokar da ke hana ɗan shekarar farko wasa, don haka ya sami shekara huɗu cur a ƙarƙashin mai horarwa Howard Jones. Tsawonsa ya kai mita 1.85, nauyinsa kusan kilo 98. A yau wannan ba kome ba ne a sahu, inda ake da masu kilo 140, amma a zamaninsa ƙato ne. Gurbinsa shi ne na biyu daga mutumin tsakiya, wato kafaɗar sahu, inda yawancin gudun wancan zamani yake bi. Shekara uku a jere, daga 1919 zuwa 1921, ana sa shi a jerin gwanayen gasar manyan jami'o'in yankin.

Shekarar 1921 ita ce ta kafa sunansa. Iowa ta yi wasa bakwai ta ci bakwai, ta ɗauki kambin yankin. A ranar 8 ga Oktoba ta karɓi baƙuncin Notre Dame ta Knute Rockne, wadda ta yi wasa 20 a jere tana ci. Iowa ta doke ta 10 da 7. Ci ɗaya tilo na maki shida da Iowa ta yi a ranar, Gordon Locke ne ya kutsa da ƙwallo, kuma sunansa ne a littafi. Sai dai wani mai ɗaukar hoto ya dace da daidai lokacin. A hoton ana ganin Slater, ba hula, ya sunkuya ya tare ƴan Notre Dame uku da jikinsa shi kaɗai, Locke yana bi ta ƙofar da ta buɗu. Wannan hoto ya yi wa Slater abin da makiɗi ke yi wa ɗan kokowa. Ba don shi ba, da aikin ranar ya bi iska kamar sauran. Walter Eckersall na Shikago, wanda ya gan shi da idonsa, ya sa shi a sahun farko na gwanayen ƙasa baki ɗaya. Walter Camp, wanda jerinsa ya fi kowane daraja kuma hankalinsa ya fi karkata ga jami'o'in gabas, ya sa shi a na biyu.

Don a san irin filin da yake takawa, ya isa a tuna da Jack Trice. Shi ma baƙi ne, shi ma ɗan sahu ne a gurbi irin na Slater, a ɗaya babbar makarantar jihar, wato Iowa State. A ranar 6 ga Oktoba 1923, a wasa da Minnesota, aka tattake shi. Bayan kwana biyu ya rasu. Har yau ana muhawara ko ganganci ne ko tsautsayi. A cikin cunkoson sahu alƙalin wasa ba ya ganin gwiwar hannu, ba ya ganin dunduniya, kuma wanda aka yi wa ba shi da wurin kai ƙara.

Gasar ƙwararru da Slater ya shiga a 1922 jaririya ce. An kafa ta ne ranar 17 ga Satumba 1920 a wani shagon sayar da motoci a Canton ta jihar Ohio, aka naɗa shahararren ɗan wasa Jim Thorpe shugaba don sunansa ya jawo jama'a, kuma a 1922 ɗin ne ta ɗauki sunan NFL. Ba ta da daraja a idon masu ilmi. Wasan jami'a shi ne na mutunci, na kuɗi kuwa ana ganin sa kamar wasan ƴan ci-rani. Ƙungiyoyi na ƙananan garuruwan masana'antu ne, yau a kafa gobe a rushe. Ƴan wasa ba su kai ashirin a ƙungiya ba, saboda haka mutum ɗaya ke kai hari ya kuma yi tsaro, minti sittin ba hutu. Slater ya sa hannu da Independents ta Rock Island, wani gari a bakin Misisipi ba nisa da Clinton, ya fara wasa ranar 1 ga Oktoba 1922 da Packers ta Green Bay. Ba shi ne baƙi na farko a gasar ba. Fritz Pollard da Bobby Marshall sun riga shi tun 1920, kuma Marshall a Rock Island ɗin ma ya yi wasa. Amma Pollard mai gudu ne, Marshall ɗan gefe. Slater ne baƙi na farko da ya tsaya a cikin biyar na tsakiya, inda ake haɗa ƙirji da ƙirji da Bature a kowane yunƙuri. A ƙarshen wannan kaka ya yi wasa biyu da ƙungiyar Milwaukee, tare da Pollard da Paul Robeson, wanda daga baya ya shahara a waƙa da fafutukar ƴancin baƙar fata. A 1924 da 1925 kuma Thorpe da kansa, ƙarfi ya fara ja baya, ya zo Rock Island ya yi gudu a bayan Slater.

Shekara goma ya yi a wannan sana'a, wasa 99, kuma wasa ɗaya tak ya rasa. Ba ciwo ne ya hana shi ba. A 1924 Rock Island ta je Kansas City a jihar Missouri, inda akwai yarjejeniyar da ba a rubuta ba cewa baƙi ba ya shiga fili da farare. Aka bar shi a gefe, lafiyarsa lau. Rock Island ta sha kashi a ranar.

A 1926 Rock Island ta koma wata sabuwar gasa da aka kafa don cin kasuwar sunan Red Grange, gasar da ba ta wuce shekara ɗaya ba. Kafin shekarar ta ƙare Slater ya koma Cardinals ta Shikago, inda ya zauna har ƙarshen wasansa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi nuna matsayinsa. Sabuwar gasa ta rushe, NFL kuma ta rage ƙungiyoyinta daga 22 zuwa 12 a 1927. Guraben aiki suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, kuma ba sai an faɗa ba wanda aka fara sallama. Baƙaƙen da ke gasar suka watse, har da Pollard. A 1927 Slater kaɗai ya rage. A 1928 Harold Bradley ya zo ya tsaya kusa da shi a sahun Cardinals na ɗan lokaci. Masu ƙungiyoyin ba tausayinsa suka ji ba. Sun dai rasa yadda za su yi da mutumin da kusan kowace shekara masu zaɓe, farare duka, suke sa sunansa cikin gwanayen gurbinsa. Korar sa asara ce da za a gani a allo ranar Lahadi.

Ranar 28 ga Nuwamba 1929, ranar bikin godiya na Amurkawa, Cardinals ta kara da maƙwabciyarta Bears ta George Halas a filin Comiskey. Aka tashi 40 da 6. Duk maki arba'in ɗin mutum ɗaya ne ya ci su, Ernie Nevers: sau shida yana kutsawa da ƙwallo a hannu, sau huɗu yana ƙarawa da bugu. Har yau ba wanda ya ci maki 40 a wasa ɗaya a NFL, kuma ci shida da gudu sai a 2020 Alvin Kamara ya kamo shi. Duk littafin tarihin wasan yana ɗauke da wannan rana da sunan Nevers, kuma ya cancanta. Amma ci shida da gudu ma'anarsa ƙofa shida a cikin katangar Bears, ban da waɗanda aka buɗa a hanya kafin a iso bakin gida. Slater ya yi minti sittin ɗin nan bai fita ba. A takardar sakamakon ranar ba shi da ko ɗigo.

Ya ajiye takalmi bayan kakar 1931. NFL ba ta fara ajiye ƙididdigar ƴan wasa a hukumance ba sai 1932, kuma ko da ta fara da wuri, ba ta da gurbin rubuta abin da ɗan sahu yake yi. Bayan tafiyarsa da shekara biyu aka rufe ƙofa gaba ɗaya. Joe Lillard da Ray Kemp su ne baƙaƙe na ƙarshe a 1933. Daga 1934 zuwa 1945 babu ko ɗaya. Ba a taɓa rubuta dokar ba, masu ƙungiyoyi kuma sun yi ta musun akwai ta, amma shekara goma sha biyu ba ta faruwa da tsautsayi. Wanda aka fi dangantawa da ita shi ne George Preston Marshall, mai ƙungiyar da ta koma Washington, wanda bai ɗauki baƙi ba sai 1962, da gwamnatin tarayya ta yi masa barazanar hana shi sabon filin wasa na birnin. A 1946 ne Kenny Washington da Woody Strode suka shiga Rams ta Los Angeles, Marion Motley da Bill Willis kuma suka shiga Browns ta Cleveland a wata gasar. A shekarun rufin nan Slater ya taimaka wajen haɗawa da horar da ƙungiyoyin baƙaƙe zalla a Shikago, don samarin da aka hana su sami inda za su taka.

Shi kansa bai dogara da fili ba tun farko. Tsakanin kaka da kaka yana komawa Iowa karatun shari'a, ya sami digirinsa a 1928, ya fara aikin lauya a Shikago alhali yana ci gaba da wasa: ranar Lahadi a cikin taɓo, ranar Litinin a gaban alƙali. A 1948 aka zaɓe shi alƙali a kotun birnin Shikago, lokacin da baƙaƙen alƙalai a Amurka ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A 1960 ya hau babbar kotun gundumar Cook, baƙi na farko da ya zauna a cikinta, a 1964 kuma ya koma sabuwar kotun da ta haɗe kotunan gundumar. A ƙasar Hausa da wuya a ji ɗan kokowa ko ɗan dambe ya zama alƙali, don an raba hanyar allo da ta fili tun daga yarinta. A Amurka ma ba abu ne da aka saba gani ba, sai dai can wasan a cikin jami'a ya tsiro, kuma Slater ya gane da wuri cewa ƙarfin kafaɗa aro ne. Bai yanke hulɗa da Iowa ba. Ya yi ta jan samarin baƙaƙe daga Shikago da kewaye zuwa can karatu da wasa.

Jami'o'i ba su yi jinkirin girmama shi ba. Da aka buɗe zauren gwarazan wasan jami'a a 1951, yana cikin rukunin farko, kuma shi kaɗai ne baƙi a ciki. Wannan ya gani da idonsa. Na ƙwararru ne ya zama labari. An buɗe zaurensu a Canton a 1963 da mutum 17. Akwai ƴan sahu a ciki, irin su Pete Henry da Cal Hubbard, waɗanda suka yi zamani da Slater. Akwai Thorpe da Nevers, waɗanda suka yi gudu a bayansa. Akwai Halas. Akwai kuma George Preston Marshall. Babu Slater, babu Pollard, babu wani baƙi. Slater ya rasu ranar 14 ga Agusta 1966 da ciwon daji na ciki, yana da shekara 67. Matarsa Etta ta riga shi a 1962, kuma ba su bar ɗa ba. Bayan shekara ɗaya, a 1967, Emlen Tunnell, wanda shi ma a Iowa ya yi karatu, ya zama baƙi na farko da ya shiga zauren.

Sunan Slater ya kai zagayen ƙarshe na zaɓe a 1970 da 1971, bai wuce ba, daga nan kuma aka daina ambatonsa. Mai neman dalili ɗaya zai ce launin fata, kuma ba zai yi ƙarya ba, amma bai gama faɗin gaskiya ba. Abubuwa ne suka taru. Ɗan sahu ba shi da lamba da za a ɗora a kan tebur. Shaidarsa idon waɗanda suka gan shi, kuma zuwa 1970 yawancinsu sun bi shi. Bai taɓa cin kambin NFL ba, don Cardinals ta ci nata a 1925, kafin ya zo, masu zaɓe kuwa suna son mai kambi. Rock Island ta mutu tun 1920 da ƴan kai, Cardinals ta bar Shikago zuwa St. Louis a 1960, daga baya ta wuce Arizona, saboda haka ba wata ƙungiya da ke ganin sa nata balle ta yi masa yaƙi. Ba ɗa, ba jika mai rubuta wasiƙa. Sannan shigar da shi na nufin a buɗe zancen 1927 da na 1934, a tambayi yadda aka yi mutum ya zama shi kaɗai, alhali wasu daga cikin waɗanda za a tambaya gumakansu na tagulla suna cikin zauren. A nan launin fata ya yi aikinsa, ba ta hanyar zagi ba, ta hanyar shiru. Ɗan kokowar Damagaram yana da maroƙi da ke raya sunansa a kowace kaka ko bayan ya tsufa. A Canton ƴan jarida ne ke zaɓe, kuma abin da ba su rubuta jiya ba, ba su same shi a ma'ajiyarsu yau ba.

Ko a Iowa, inda ake ƙaunarsa, girman ya zo ne rabi da rabi. A 1972 shugaban jami'ar, Willard Boyd, ya kawo shawarar a sa wa babban filin wasa sunan mutum biyu: Nile Kinnick, gwarzon 1939 da ya mutu a hatsarin jirgin sojan ruwa a 1943, da Slater. Shawarar ba ta sami karɓuwa ba. Aka ba Kinnick filin shi kaɗai, aka sa sunan Slater a wani dogon ginin kwanan ɗalibai da ke kusa. Kinnick mai gudu ne da jifa, kuma fari.

Abin ya fara juyawa a sabon ƙarni. An shigar da Pollard zauren Canton a 2005, shekara 19 bayan rasuwarsa, kuma hakan ya sa aka fara tambayar sauran na zamaninsa. A 2012 Neal Rozendaal ya fitar da littafi a kan rayuwar Slater, ya tono jaridun 1920 da ƴan kai, wasa bayan wasa, ya tara abin da abokan karawarsa suka faɗa a kansa a lokacin. Wannan ya maye gurbin ƙididdigar da babu. Da NFL ta zo cika shekara ɗari, aka kafa kwamiti na musamman don duba waɗanda aka tsallake, kuma a watan Janairu 2020 aka bayyana sunan Slater a cikinsu. Annobar korona ta ɗage bikin zuwa 2021, shekara 90 bayan wasansa na ƙarshe.

A 2021 ɗin ne kuma Jami'ar Iowa ta koma kan shawarar da ta ƙi a 1972, ta wata hanya: ginin ya ci gaba da zama na Kinnick, amma dandalin da ake wasa a kansa aka sa masa sunan Duke Slater. Tun 2019 an riga an kafa wani babban zane na ƙarfe a bangon arewa na filin, an kwaikwayi hoton nan na 8 ga Oktoba 1921. Locke yana nan da ƙwallo a hannu, ƴan Notre Dame suna nan da hulunansu na fata, Slater kuma a gaba, kansa a buɗe.